Ykk, Lfy, Hkr: Yadda Ake Karanta Gajerun Kalmomin Waya

Tambaya: Malam, 'yata ta turo mini "slm ykk y gd, kiyi hkr, ngd". Mene ne wannan, kuma ba ya lalata Hausa? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, cewa ta yi: salam, ya kike, ya gida, ki yi haƙuri, na gode. Dabarar ita ce a zubar da wasula a bar baƙaƙe. Haka lfy ta zama lafiya, gsky gaskiya, sbd saboda, ynz yanzu, wlh wallahi, mgn magana. Wanda ya saba da rubutun Larabcin da babu wasali kamar na littafin fiƙihu na zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Asalin abin tsimi ne. Saƙon tes guda ɗaya harufa 160 yake ɗauka, in ya haura sai a caje ka kuɗin biyu. Da zarar ka sa ƙ, ɗ ko ɓ kuwa, wayar kan sauya tsarin rubutun, iyakar ta faɗo zuwa 70, ga shi tsofaffin wayoyi ma ba su da waɗannan haruffa. A WhatsApp babu wannan takura, sabo ne kawai ya rage.

Inda ake samun matsala shi ne wasalin Hausa yana ɗauke da ma'ana. Gd na iya zama gida, gode ko gado. Bb kuwa baba ce, babba ko babu? Sai jimlar ta raba gardama. Ykk ba ta bambanta kake da kike, abin da masu tura gaisuwa ɗaya ga mutum hamsin ke jin daɗinsa. Tsakanin abokai ban ga laifi ba, amma ɗalibi ya kai shi takardar jarrabawa, ko yaro ya rubuta wa surukinsa slm kurum, wannan rashin ladabi ne. Malamai da dama kuma sun fi son a rubuta salatin Annabi cikakke maimakon S.A.W.

Tambaya: LOL fa?

Amsa: Ta Turanci ce, tana nufin na ƙyalƙyale da dariya. Wasu na zaton nuna ƙauna ce, har su sa ta a saƙon ta'aziyya. Kada a kuskura.