Fedar birki ta yi laushi, bilidin ya ƙi ci

Ɗana, na ji saƙonka. Ka ce Hilux ɗin mai hatsin nan da ke lodi zuwa Dawanau, kun kwance kalifa biyun gaba, masu matse fad a jikin faifan birki, kun wanke, kun sa sabon fad, kun yi bilidin, wato fitar da iska daga layin man birki, har sau uku, amma feda tana nan kamar ka taka soso. Kana tambaya ko ka ce masa ya sayo sabuwar masta, wato silindar da feda ke dannawa ta tura mai zuwa ƙafafu.

Kada ka ce masa komai tukuna. In ka sa mutum ya kashe kuɗin masta, ya dawo birki bai canza ba, da wane ido za ka dube shi?

Fara da ƙafarka. Masu mota duk “laushi” suke cewa, alhali ciwo uku ne daban-daban. Kashe injin, taka feda sau biyar har ƙarfin busta, mai taya ƙafarka danna birki, ya ƙare, sannan ka danna a hankali ka riƙe kamar rabin minti. In tana sulalewa ƙasa sannu-sannu, kuma ba inda mai ke ɗiga, to masta ce, robobin cikinta sun gaji, mai yana wucewa ta gefensu. In ta yi nisa kafin ta kama amma ta tsaya ƙyam, tazara ce a wani wuri. In kuwa tana lotsawa, kana yi mata famfo tana ƙara tauri, ka sake ta ta koma gidan jiya, to akwai abin da ke matsuwa ko kumbura a hanyar mai. Shi mai ba ya matsuwa. Iska ce ke matsuwa, tiyo ke kumbura. Yadda ka kwatanta, wannan na ukun ne naka.

Tunda kalifa biyun kuka cire lokaci ɗaya, durƙusa ka dubi nifil ɗinsu, ɗan bakin da ake sassautawa iska ta fita. A sama yake ko a ƙasa? Ta hagu tana shiga mazaunin ta dama lafiya lau, kusoshi su ɗauru, amma nifil ya koma ƙasa. Iska kuma sama take taruwa. Ko durom guda na mai ka tura, mai ne zai fito, ita tana zaune abinta. Ni ma na taɓa yi ina yaro a gareji. Tun hantsi muke famfo har la'asar, wanda ke taka mini feda ƙafarsa ta sage. Maigidana ya zo bai ce uffan ba, ya ɗora yatsa a kan nifil ɗin, ya kalle ni, ya wuce masallaci.

In suna daidai, kwanta ƙarƙashin motar ta baya. A jikin shasi za ka ga wani bawul mai doguwar sandar ƙarfe da ta tafi zuwa aksil. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser masu bodi suna da shi. Aikinsa auna lodi: in an jibga buhuna mota ta zauna, sai ya ƙara wa ƙafafun baya ƙarfin birki, in babu kaya ya rage don kada baya ta kulle motar ta juya. Yana da nasa nifil, kuma mafi yawan yara ba su ma san da shi ba, su yi ƙafa huɗu su ce sun gama. In kun bar kofin mai ya ƙafe lokacin da kalifa ke kwance, iska ta shiga masta, kuma tana iya tafiya har can. Sake yi a jere: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu, sannan bawul ɗin. Sa siririn tiyo mai gani-har-hanji a kan nifil, bakinsa cikin kwalba mai ɗan mai, don ka ga kumfa da idonka. Kuma a ɗaure nifil kafin mai taka feda ya ɗaga ƙafa. Rabin bilidin da ke ƙin ci daga nan ne, ɗaya ya ce “riƙe”, ɗayan ya riga ya saki.

Ka sa guntun katako a ƙarƙashin feda. Tsohuwar masta tana da datti da tsatsa can ciki inda fistin bai saba kaiwa ba. Ka riƙa kai feda ƙasa, robar ta bi ta kan wannan kaushin ta yage, ka kashe mastar da ta zo da ranta. Shi ya sa nake so ka maimaita gwajin riƙewa bayan kun gama.

Baya duram ce, to ja birkin hannu rabi ka taka feda. In ta hau sama, layinin, wato fad ɗin cikin duram, ya yi nisa da duram, a matso da shi. Ka leƙa bayan robar silindar ƙafa, in da danshi a canza ta.

Tiyo kuma, sa wani ya taka da ƙarfi, kai ka kama kowanne da hannu. Wanda ya mutu za ka ji yana cika a tafinka kamar jijiya. Mai tsagewa ko ƙulli, a jefar.

Sai man kansa. Man birki yana shan danshi daga iska. Mai lamba DOT 3 sabo sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, in ya sha ruwa ya sauko wajen 140. DOT 4 kuwa 230 ne, ya sauko 155. A cikin gari ba za ka gane ba. Amma mota ɗauke da lodi tana gangaro Hawan Kibo, direba ya kwanta a kan birki maimakon ya sa ƙaramin giya, man ya tafasa, tururi ya cika layi, feda ta tafi ƙasa. In ta huce ta dawo kamar ba ita ba, direba ya ce aljanu ne. Don haka in man ya yi baƙi a zubar da shi duka, a zuba daga gwangwanin da kai ka fasa bakinsa. DOT 5 kuma jinsinsa daban, ba a gauraya shi da waɗannan. Ka duba robar murfin kofin: in ta kumbura ta yi laɓo-laɓo, wani ya zuba man giya ko na sitiyari, kuma duk wata roba da ke layin ta tashi aiki.

In motar mai ABS ce, wato na'urar da ke hana ƙafa kullewa in an taka birki, wataƙila ba za ka ga wancan bawul ba. Iska kan maƙale a akwatin ABS ɗin, sai an jona kwamfuta ta motsa famfonsa ana bilidin. Wannan ka jira ni.

Ko feda ta yi tauri, kada ka ba shi makulli. Sabon fad bai zauna ba tukuna. Gobe bayan azahar zan shigo, mu ɗora mata kaya mu zagaya bayan gareji, in taka da ƙafata.