An bar jaki ana dukan taiki: modem mai mutuwa yana tashi da kansa

Wasiƙun wannan makon kusan duk kuka ɗaya suka zo da shi, wato intanet ɗin gida na yankewa. Na zaɓi shida, domin ko da yake kukan ɗaya ne, ciwon kowa daban.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da modem na 4G mai sim a gida, shekararsa uku. Tun bayan ƙaramar Sallah ya tsiri wani hali: ana cikin aiki sai fitilunsa duka su mutu, bayan kamar minti biyu su dawo. A rana yakan yi haka sau goma. Na kira kamfanin layi sun ce sabis lafiya lau yake a unguwarmu. Na canza sim, ba ta sauya zani ba. Cajarsa ta asali ta ɓata, ta wata tsohuwar dikoda nake sa masa, amma ai tana kawo wuta. Shin in sayi sabon modem ne? Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, da bakinka ka faɗi amsar a ƙarshen wasiƙarka, ka wuce ta kamar ba komai ba. "Amma ai tana kawo wuta." Wannan maganar ta sa mutane da yawa sun jefar da modem mai lafiya a kwandon shara, kuma wallahi tana ci mini rai duk lokacin da na ji ta.

Rashin sabis ba ya kashe fitilun modem duka. Ko da ƙarfen sabis ɗin unguwarku ya faɗi ƙasa warwas, fitilar wutar modem ɗinka tana nan a kunne, ta sigina ce kawai za ta sauya launi ko ta mutu. Idan fitilu duka suka mutu lokaci guda, sannan suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, to na'urar ce ta mutu ta tashi. Abin da kuma ke sa ta haka kusan kullum biyu ne: ko wuta ba ta isarta, ko zafi ya yi mata yawa. Ka kira kamfani, ka canza sim, ka ɓata kwanaki, alhali mai laifin na nan liƙe a soket yana kallonka.

Juya modem ɗin ka karanta takardar da ke manne a ƙasansa. Za ka ga wani abu kamar 12V 1A, ko 12V 2A, wasu ƙananan kuma 9V. Sai ka karanta abin da aka rubuta a jikin cajar dikodar. Lambar V dole ta zo daidai, babu ragi babu ƙari. Idan ta gaza, modem zai yi ta wannan mutuwa da tashi. Idan ta zarce, kana iya ƙona shi nan take. Lambar A kuwa kamar tuwo ce a kwano: in an zuba da yawa, modem zai ci iya cikinsa ya bar saura, babu abin da zai same shi. In kwanon bai kai ba ne ake samun matsala. Saboda haka modem mai neman 1A zai zauna lafiya da caja mai 2A, amma mai neman 2A ba zai taɓa zama lafiya da mai 1A ba, ko da bakinta ya shiga ramin daram. Akwai kuma wani ɗan zane mai alamar + da − a jikin duka biyun, ka tabbatar sun dace. Yawancinsu + ce a tsakiya.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne cajar da ba ta kai ba tana kunna fitila. Lokacin da modem ke zaune ba ya aiki, wutar da yake sha kaɗan ce, kowace caja za ta iya da shi. Da zarar yara sun buɗe YouTube, uwargida ta shiga kiran bidiyo a WhatsApp, ko sabis ya yi rauni modem ya ƙara ƙarfin eriyarsa don ya kai ga ƙarfen sabis, sai buƙatarsa ta yi sama. Caja ta kasa, wuta ta yi ƙasa na ƙiftawar ido, modem ya mutu. Da ya mutu nauyi ya sauka, caja ta farfaɗo, ya tashi, mutanen gida su sake hawa, ya sake faɗuwa. Ga sau gomanka nan a rana.

Ko cajar asali ma tana tsufa. A cikinta akwai wasu 'yan gwangwanaye da masu gyaran rediyo ke kira kafasito, zafi na busar da su a hankali. Shekara uku a jone dare da rana a zafin Kano ba wasa ba ne. Ka taɓa ta bayan awa ɗaya tana aiki: in ba ka iya riƙe ta a tafin hannu, ko kana jin tana wani siririn kuka, kwananta ya ƙare. In za ka sayi wata, don Allah kada ka ce a ba ka mafi araha. Akwai masu rubutun 2A a jiki, ka ɗaga ka ji su sakayau kamar kwalin ashana. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na taɓa zuwa wani shagon buga takardu inda mai shi ya nuna mini modem uku a cikin durowa, duk ya ce sun lalace. Duk lokacin da ya sayo sabo, sai ya bar sabuwar cajar a kwali, ya jona shi da tsohuwar da ke bayan tebur, don ƙyuyar jan tebur ɗin. Muka ciro caja ɗaya daga kwali, ukun nan duka suka tashi lafiya. Ban san ko dariya zan yi masa ko tausayi ba.

In ka sa caja mai kyau bai daina ba, sai ka koma kan wutar gidan. Cire shi daga wannan doguwar ekistenshan da aka tara wa talabijin da dikoda da fanka da cajar waya huɗu, wadda in an taka ta take tartsatsi. Ba shi soket ɗin bango mai riƙe filogi gam. Sannan ka lura ko mutuwar tasa na zuwa daidai lokacin da firij ya tashi, ko aka kunna injin jan ruwa, ko aka jona dutsen guga. Yawancin cajojin nan an yi su ne su karɓi wuta daga 100V zuwa 240V, don haka rabin wutar Nepa ba lallai ta dame su ba. Abin da ba sa jurewa shi ne ɗaukewar nan ta sakan ɗaya, irin ta lokacin da ake juyawa daga Nepa zuwa janareto.

Maganin wannan, wanda na sha faɗa a wannan fili kuma ba zan gaji ba, shi ne ƙaramin UPS na modem. Ɗan akwati ne mai batir a ciki, yana da ramukan 5V da 9V da 12V, yana zama tsakanin soket da modem. A ɗauke wuta, a kawo, a juya zuwa janareto, modem bai ma san an yi ba. Tunda modem mai 12V 1A ba ya wuce wat 12 ko a ƙoƙarinsa na ƙarshe, ɗan akwatin kan riƙe shi awanni. Ka dai duba lambar A ɗinsa shi ma, ka kuma sa a ramin da ya dace. Sannan ka samu farin salatif ka rubuta "modem" ka manna wa cajarsa, kafin wani yaro ya ɗauke ta ya kai wa fitilar caji.

Sabon modem kuwa, bari sai duk wannan ya gaza.

Tambaya: Namu lafiya lau yake da safe da dare, amma tsakanin azahar da la'asar sai ya yi ta mutuwa. Yana cikin kabad ɗin talabijin, a kan dikoda, na rufe shi da ƙyalle saboda ƙura. Daga wata Hajiya a Sakkwato.

Amsa: Hajiya, ranki ya daɗe, ko mutum aka sa a kabad aka ɗora kan dikoda aka lulluɓe da mayafi da azahar a Sakkwato ai sai ya suma. Yawancin waɗannan na'urori an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, ku kuwa a watan Afrilu iskar waje kaɗai tana haye hakan. Ki fito da shi, ki yaye ƙyallen, ki tsayar da shi a wuri mai iska inda rana ba ta dukansa. Ƙura kuma buroshin haƙori busasshe ya ishe ta, sau ɗaya a wata, musamman da hunturu.

Tambaya: Ƙaramin MiFi, wato modem na aljihu mai batir, nake amfani da shi a ɗakin kwanan ɗalibai. Kullum a jone yake da caji. Yanzu yana kashe kansa, murfin bayan ma ya ƙi rufuwa sai na ɗaure da kyauro. Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ƙanwata, cire shi daga wuta yanzu, kafin ki ƙarasa karanta wannan amsar. Murfin bai ƙi rufuwa don taurin kai ba, batirin ne ya kumbura, batirin litiyam da ya kumbura kuwa yana iya kamawa da wuta. Ke kuma kin ɗaure shi da kyauro kina ƙara matse shi, wataƙila ma a ƙarƙashin filo yake kwana. Kada ki huda shi, kada ki danna shi don ya koma, kada ki jefa shi inda ake ƙona shara. Ki sayi sabon batir mai lamba iri ɗaya da wadda ke jikin tsohon. MiFi abin aljihu ne, ba a yi shi don ya kwana ya wuni a kan caji ba. In intanet na dindindin kike so a ɗaki, ku haɗa kuɗi da 'yan ɗakinku ku sayi modem na tebur.

Tambaya: Nawa ba ya mutuwa, fitilar wuta na nan, amma bayan isha'i sai fitilar sigina ta riƙa sauya launi, intanet ya tsaya ya dawo. Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, naka lafiyarsa ƙalau. Bayan isha'i kowa a unguwa ya hau waya, ƙarfen sabis ya cika, modem ɗinka kuma ya yi ta tsalle tsakanin 4G da 3G, kowane tsalle kuwa yankewa ce. Shiga shafin saitinsa ta hanyar rubuta adireshinsa a burauzar wayarka, 192.168.8.1 in Huawei ne, 192.168.0.1 a yawancin ZTE, ka sauya zaɓin netiwok daga na kai-tsaye zuwa 4G kaɗai. A shafin nan wasu na nuna tsawon lokacin da na'urar ta yi a kunne, wanda zai tabbatar maka ba mutuwa take yi ba. Ka kai shi bakin taga, a sama, ɓangaren da ke kallon ƙarfen sabis. In sim ɗin yankakke ne da aka cusa a wani firam, karɓo cikakke, domin irin wannan yana iya motsawa. Bai daina ba, gwada layin wani kamfani na mako guda.

Tambaya: Duk lokacin da ya yanke nakan sa tsinke in danna ɗan ramin nan na baya. Yana taimakawa kuwa? Daga wani matashi a Gombe.

Amsa: Gyaran gangar Auzinawa ke nan, ɗan'uwa. Wannan ramin yana goge duk saitin da ke ciki ne, har da sunan Wi-Fi da lambar sirrin da ka sa, ya mayar da na kamfani wanda ke rubuce a ƙasan modem, inda duk baƙon da ya shigo falo zai iya karantawa. A wasu ma har saitin layin yake tafiya da shi. In kana so ka farfaɗo da modem, cire filogi, ƙirga talatin, mayar. Kafin haka ma tambayi maƙwabci ko nasa na aiki. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku irin su WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, wayata ba ta huta ba, kuma da yawa daga masu kiran sun riga sun soka tsinke sun goge saitinsu a kan matsalar da ke can cikin teku. Ajiye tsinken nan don sakace.

Tambaya: Namu na faiba ne, wato mai samun intanet ta siririyar igiya mai ɗauke da haske. Wata fitila mai suna LOS tana yin ja tana ƙiftawa, wani lokaci ta daina da kanta. Daga wata ma'aikaciya a Abuja.

Amsa: Malama, LOS na nufin hasken da ke zuwa ta cikin igiyar ba ya isowa. Duba siririyar igiyar ko an lanƙwasa ta, ko ƙofa ko ƙafar kujera na danne ta. Gilashi ne a ciki, ba tagulla ba. Kada ki cire ta ki leƙa bakinta, hasken ba ya ganuwa amma yana illa ga ido. In igiyar cikin gida lafiya take, aikin kamfani ne. Ki samu littafi ki riƙa rubuta rana da lokacin da ta yi ja da lokacin da ta dawo, ki kira su ki karanta musu, ki karɓi lambar ƙorafi. In sun yi biris da ke, kira 622, layin kai ƙorafi na hukumar sadarwa ta NCC, kyauta ne, ki ba su lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ki.