Me ya sa iskar gefe ke kayar da ƙananan jirage wajen sauka?

Tambaya daga wani mai karatu a Kawo, Kaduna: "Ɗana yana koyon tuƙin jirgi a Zariya. Na ji ana cewa ƙananan jirage sun fi yin haɗari wajen sauka idan iska na kaɗawa daga gefe. Mene ne dalili, kuma yaya ake kauce masa?"

Malam, abin da ka ji gaskiya ne. Ƙaramin jirgi ba shi da nauyi, kuma a hankali yake sauka, don haka iska ke samun galaba a kansa. Kamfanin da ya ƙera Cessna 172 ya gwada saukarsa a iskar gefe har noti 15, wajen kilomita 28 a awa ke nan. Ga ɗalibi, wannan ma ya yi yawa.

Lissafin da matuƙi ke yi da ka shi ne: idan iska ta karkace digiri 30 daga titin sauka, rabin ƙarfinta ne ke turo shi gefe, a digiri 60 kuwa, kusan dukkanta. Titin filin jirgin Kaduna 05/23 ne, watau ya miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, shi ya sa iskar hunturu galibi gaba da gaba take zuwa masa. Abin tsoro shi ne farkon damina, lokacin da hadari ke tasowa daga gabas da iska mai fizga. A ce hasumiyar da ke ba jirage umarni ta sanar da iska daga digiri 110, noti 14, tana fizga zuwa 24. Mai sauka a 05 yana fuskantar digiri 50 ne, iskar ta karkace masa digiri 60 ke nan, don haka zai sha turin gefe daga noti 12 zuwa wajen 21. Ya riga ya wuce 15. Jira ko sauya fili ya fi.

Idan iskar ba ta kai haka ba, sai matuƙi ya ƙara rabin bambancin da ke tsakanin iskar da fizgarta a kan gudun saukarsa: bambancin 10, ƙarin 5, misali daga noti 65 zuwa 70. Gab da ƙasa ya kwantar da fiffiken ɓangaren iska da sitiyari, ya taka fedar ɗaya ɓangaren, wato abin takawa mai juya hancin jirgi, don hancin ya bi layin tsakiyar titi. Tayar ɓangaren iska ce za ta fara taɓa kwalta, sai ɗayar, sannan ta gaba.

To, a nan ne ɗalibai ke sakaci. Taya na taɓa ƙasa sai su saki jiki, su mayar da sitiyari tsakiya, kamar an gama. Nan take iska ta shiga ƙarƙashin fiffike ta ɗaga shi, ɗayan ya goga ƙasa, ko jirgin ya juya hanci ya fuskanci iska ya faɗa ciyawa. Gwargwadon raguwar gudu, gwargwadon ƙara murza sitiyari wajen iska, har ya ƙure. Jirgi mai taya a wutsiya maimakon a gaba ya fi saurin wulwulawa, don nauyinsa yana bayan manyan tayoyi.

Ka faɗa wa yaronka, don Allah: idan jirgi ya dunguri ƙasa ya yi tsalle, ko feda ta ƙure amma hanci bai miƙe ba, kada ya tilasta. Ya ba da wuta gaba ɗaya, ya tashi, ya kewayo, ya sake tambayar hasumiya halin iska.