Firoksin da na ɗora a kan rauta yana tsayawa cak, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da wata ƙaramar rauta (na'urar raba intanet) mai RAM 64MB, na sa mata OpenWrt (manhajar da ke tafiyar da rautar) na ɗora Tinyproxy, wato firoksi mai shiga tsakanin na'urori da intanet, don wayoyi da kwamfutocin gida su riƙa bi ta ciki. Yana aiki lafiya lau sai kawai ya tsaya, shafi ya yi ta juyawa ba ya buɗewa, wani lokaci bayan kamar minti goma ya dawo da kansa, wani lokaci kuma sai na cire wuta na mayar. Amma in na cire saitin firoksin a waya intanet na zuwa daidai. Rautar ce ta lalace ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam. A'a rautarka ba ta lalace ba, tunda intanet na zuwa in ba ka bi ta firoksin ba to layinka da wifi ɗinka ƙalau suke. Abu na farko dai don Allah ka daina cire wuta in ya tsaya, domin a OpenWrt bayanan log, wato rahoton abin da ke faruwa a rautar, a cikin RAM suke zaune, kana kashewa sun tafi, ka goge shaidar da za ta nuna maka mai laifin kenan. Ka bari sai ya sandare sannan ka shiga rautar ta SSH (hanyar rubuta mata umarni daga kwamfuta) yana cikin halin.

Wannan minti goma da ka ambata shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Tinyproxy yana zuwa da Timeout 600, wato daƙiƙa 600, minti goma cif, da kuma MaxClients 100. Ma'ana haɗi 100 kawai zai riƙe a lokaci ɗaya, kuma duk haɗin da ya yi shiru sai ya cika minti goma kafin ya sallame shi. Ɗari kamar da yawa ne ko? Ai ba komai ba ne, burauza ɗaya tana iya buɗe haɗi 6 ga kowane adireshi, shafi ɗaya kuma yana janyo hotuna da tallace-tallace daga wurare barkatai, ga manhajojin waya da ke buɗe haɗin HTTPS su bar shi a buɗe suna jiran saƙo, ga wayar da aka fita da ita daga gida ba ta yi sallama ba haɗinta na nan a rataye. Kujeru sun cika da mutanen da ba abin da suke yi, sabon zuwa sai ya tsaya a bakin ƙofa har wani ya tashi. Shi ya sa kake ganin ya dawo da kansa.

Don ka tabbatar, lokacin da ya tsaya ka rubuta netstat -tn | grep 8888 | wc -l, 8888 ɗin ita ce ƙofar Tinyproxy in ba ka canza ba. In adadin ya kusa 100 to shi ne. Ka kuma duba ko akwai CLOSE_WAIT da yawa a jerin, wannan yana nufin ɗaya ɓangaren ya rufe amma firoksin bai saki ba. Gyaran yana cikin /etc/config/tinyproxy, ka rage Timeout zuwa 120 ko makamancin haka. Mutane da yawa sai su ruga su mayar da MaxClients 500, ni ban ba ka wannan shawarar ba a kan 64MB, musamman in tsohon Tinyproxy ne na kafin 1.11 wanda kowane haɗi sai ya ci process nasa daban, wato wani kwafin firoksin mai cin nasa RAM.

Wanda kuma ba ya dawowa sai ka cire wuta, ina zargin RAM ce ta ƙare. Rubuta free ka ga abin da ya rage, sannan dmesg | grep -i "out of memory", in ka ga Killed process to kernel, wato zuciyar OpenWrt ɗin, ne ya kashe firoksin don ya ceci rautar. Ka leƙa df -h /tmp ma, saboda /var a OpenWrt yana komawa /tmp ne wanda shi ma RAM ne, in ka bar LogLevel a Info fayil ɗin log zai yi ta kumbura har ya cinye wurin. Mayar da shi Warning ko Error.

Sauran biyu a gurguje: logread | grep conntrack, in ka ga table full, dropping packet to teburin haɗi ne ya cika, galibi akwai mai sauke fayiloli ta torrent a gidan. Sai DNS, mai mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa, gwada nslookup openwrt.org daga cikin rautar, in ya daɗe bai amsa ba to firoksin jira yake kawai, dnsmasq, mai kula da DNS a rautar, za ka bincika.

Akwai masu sa cron, mai gudanar da umarni a lokacin da aka tsara masa, ya riƙa sake tayar da firoksin kowane dare, yana ɗan rage abin amma wanda ke tsayawa da rana ba ruwansa da wannan. In kuma na'urorin gidan sun haura goma kuma kullum a kunne suke, gara ka ɗauke firoksin ka kai shi kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ko wata tsohuwar kwamfuta, rautar ta ci gaba da rabon intanet kawai.