Tirelar bayan mota ta yi lilo da mu a hanyar Haɗeja: laifin mota ne ko na kaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na ɗauki iyali a Sharan daga Ringim zuwa biki a Haɗeja, na ɗaura ƙaramar tirelar da mai walda ya ƙera mini. A ciki akwai katifa, kujeru, janareta da buhun shinkafa shida. Mai waldar ya ce in jera buhunan a can baya don kada gindin mota ya zauna. Wata babbar mota na wuce mu sai tirelar ta fara lilo, motar na binta dama da hagu, har muka sauka daga kwalta. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, amma har yanzu gabana faɗuwa yake. Wasu sun ce da na taka totur da ta miƙe. Me ya faru, kuma yaya zan dawo da iyalina lafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara kiyayewa. Daga bayaninka, motar ba ta da laifi. Lodin ne, kuma shawarar da aka ba ka ita ce ta kusa kifar da ku.

Wannan magana ta "sa nauyi a baya don mota ta huta" ta zama ruwan dare a garejojinmu, kuma tana kashe mutane. Buhu shida na kilo 50 kilo 300 ke nan, duk a bayan tayoyin tirela. Duk wanda ya taɓa loda amalanken shanu ya san abin da ke biyo baya: in an tara taki a gindi, karkiya sama take yi da wuyan shanun. Haka wuyan tirelarka ya riƙa ɗaga bayan motar, tayoyin baya suka rage kama ƙasa. Su kuma tayoyin bayan nan su ne ke hana mota juyawa. Iskar babbar motar ta tura tirelar gefe sau ɗaya kawai, nauyin da ke can ƙarshe ya dawo da ita da ƙarfi, kowane kaɗawa ya fi na baya. Mai walda ya ga mota a tsaye ta yi daidai, ido ya gamsu, ya karɓi kuɗinsa. Bai taɓa ganin yadda take a gudun kilomita 90 ba, kuma ba 'ya'yansa ne a ciki ba. Iya haɗa ƙarfe daban, sanin yadda nauyi ke aiki a kan hanya daban. Zaman da gindin mota ke ɗan yi alama ce mai kyau, tana nuna tirelar na danna ƙugiya, wato ƙarfen bayan mota da ake maƙala wuyanta a kai. In ya zauna sosai har fitilun gaba na kallon sama, kayan ne suka yi yawa, maganinsa ragewa. Mayar da su baya ɓoye matsalar ne kawai.

Ga yadda ake lodi. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin ya kasance gaban tayoyin tirela, abubuwa masu nauyi a ƙasa kusa da tayoyin, katifa da kujeru a sama da baya. Nauyin da wuyan tirela ke ɗora wa ƙugiya ya kai kamar kashi 10 na nauyinta duka: tirelar kilo 600, kimanin kilo 60. Ana aunawa da sikelin masu sayen hatsi, a sa katako a kan sikelin a ɗora wuyan a kai, daidai tsayin ƙugiyar. Kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin ƙugiyar ko littafin motar. A ɗaure buhunan da igiya sosai, domin a ramukan hanya buhu yakan sulale baya ya ɓata lissafin. Tirelar da ba ta da birkin kanta, a ƙa'idar Turai ba ta wuce kilo 750 har da kayanta.

Maganar taka totur kuwa, ka jefar da ita. Gudu shi ke ciyar da lilo. In ta fara, riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, kada ka bi ta dama da hagu, ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, kada ka danna birki da ƙarfi. Gudun na raguwa za ta lafa. Sai ka tsaya a gefe ka gyara lodin nan take. Da iyali a ciki, ina ganin kilomita 60 zuwa 70 ya ishe ka, tare da ninka tazarar da kake bari tsakaninka da na gaba.

Kafin ka baro Haɗeja, duba inda aka ɗaura ƙugiyar: a jikin ƙarfen gangar motar take da notuna, ko a bamba aka like ta da walda? In a bamba ce, kada ka ja komai da ita. Dunƙulen ƙugiya, wato ƙwallon ƙarfen da bakin tirela ke hawa kansa, na Turai milimita 50 ne, na Amurka akwai inci 2 da wanda ya fi shi ƙanƙanta. In bakin tirela ya fi dunƙulen girma, rami ɗaya zai iya fitar da shi. Sa sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin wuyan, domin in ya fice su tare shi kada ya soki ƙasa. Tunda kun sauka daga kwalta, mai faci ya duba kumburi a gefen tayoyi, a sa iska daidai, a sa giris a boris, a gwada fitilar birki da sigina. Bayan tafiyar kilomita 20 ka tsaya ka ɗaure notunan tayar tirela, ka kai hannu kusa da cibiyarta: in zafin ya hana taɓawa, boris na ci, kada ka ci gaba.

Sannan don Allah, ko motar ta cika maƙil da 'yan biki, kada a ɗora yaro ko babba a cikin tirelar nan. Wanda bai samu kujera ba a biya masa kuɗin motar haya ya biyo ku.