Asalin kalmar shayi

Malam, ka tambaya ko kalmar shayi Bahaushiya ce ko kuwa aro ce. Aro ce daga Larabci, shay, Larabawa kuma sun karɓe ta daga Farisanci, chay, wadda tushenta cha ne na ƙasar Sin, inda aka fara noman ganyen. Fatake ne suka yaɗa ta, shi ya sa Turkawa da Rashawa da mutanen Indiya suke faɗin kusan abu ɗaya.

A gaɓar Fujiyan kuwa, wani lardi na ƙasar Sin, te ake cewa, kuma wannan lafazin ƴan kasuwar Holan suka ɗauka, su da suka fara kai ganyen Turai wajen 1610. Daga nan thé na Faransanci ya fito, wanda ake karantawa a jikin kwalin koren ganyen da samarinmu na Damagaram ke dafawa bisa gawayi a fada, wato majalisar hirarsu, zagaye uku. Fotugal ta bambanta da maƙwabtanta, domin ta Makawo, wata tashar jiragen ruwa a kudancin Sin, ta yi ciniki, sai ta riƙe chá.

Shayi mai ma'anar kaciya kalma ce daban, kada a haɗa su.