Sola ta mota ba ta caji in gari ya yi lumshi, a sake haɗin waya ne?

Tambaya: Malam ina da motar nan ta yawon shaƙatawa mai ɗakin kwana a ciki, na ɗora fanel biyu masu wat 100 kowanne a rufinta, batir na bolt 12. Da tsakar rana caji lafiya lau, amma da sassafe ko gari ya yi lumshi kamar ba a jona komai ba. In sake haɗin ne ko in ƙaro fanel?

Amsa: Toh ɗan'uwa, kafin ka sayi komai leƙa kwantirolarka tukun, wato na'urar da ke tsakanin fanel da batir tana daidaita caji. Iri biyu ce, PWM ko MPPT, duba wacce gare ka, don a nan maganar take. Fanel mai wat 100 yana bada wajen bolt 18 da amfiya 5 da rabi in rana ta take, da gajimare ya rufe kuwa bolt ɗin ba ya faɗuwa sosai, amfiyar ce ke zubewa, wannan kuma babu haɗin wayar da zai dawo maka da ita.

In PWM ce bar su a faralel, wato ja da ja, baƙi da baƙi. Ita tana janyo fanel ne zuwa bolt ɗin batir, ka haɗa mata siris, wato fanel ɗin a jere ja a baƙi, ka yi asarar kusan rabin wutar a banza.

In kuma MPPT ce, ni siris zan ce ka gwada, jan wayar wannan a baƙin wancan, sai ka samu wajen bolt 36. Dalili, kwantirola irin na kamfanin Victron ba sa fara caji sai fanel ya ɗara batir da bolt 5, kaga batir na kan 13 sai an kai 18 kenan, fanel ɗaya da sassafe kafin haske ya yi ƙarfi da ƙyar yake kaiwa nan amma biyu a jere tun gari na wayewa sun wuce, ga shi amfiya ba ta ƙaru ba balle wayarka ta yi zafi. Duba takardar bayan fanel ɗin dai, inda aka rubuta Voc, wato bolt ɗin fanel in ba a jona masa komai ba, ninka biyu kar ya kusanci iyakar bolt ɗin da kwantirolar ke ɗauka, don sanyi yana ƙara shi.

Abin da ke ɓata siris inuwa ce. Hau rufin da safe ka gani da idonka, in esi ko eriya na jefa inuwa ko da tafin hannu ce a kan fanel ɗaya, layin gaba ɗaya zai ja baya. In ba wurin matsar da shi, zauna a faralel ɗinka da waya mai kauri, kuma ka riƙa goge ƙurar hanya.